Littattafai huɗu, kuɗin guda ɗaya: wanne za a saya wa ƙungiyar karatu ta makarantar ƙauye?

Malamin da ke son kafa ƙungiyar karatu a sakandaren ƙauye, a Jahun ne ko Babura ko ƙauyukan Bichi da Dambatta, da wuya abin da zai samu daga ofishin firinsifal ko ƙungiyar iyaye da malamai ya wuce kuɗin sayen kwafin littafi iri guda. Idan zaɓin bai yi kyau ba, zangon ya tafi ke nan, kuma ba lallai a sake ba shi ko kwabo ba. Wannan rubutu don malami ne ko malama da suka riga suka ƙudurta gwada irin ƙagaggun labaran nan da ake rubuta wa matasa, inda ake nuna wata duniya ta gaba da ta lalace, masu mulki sun danne jama'a, sai wasu 'yan shekara goma sha suka tsinci kansu tsamo-tsamo a ciki. Zan ɗauki huɗu daga cikin waɗanda suka fi suna: The Giver, The Hunger Games, The Maze Runner da Divergent. Dukkansu marubutan Amurka ne suka rubuta su da Turanci, dukkansu kuma an yi fim ɗinsu, don haka kada ka yi mamaki idan wani ɗalibi ya ce ya riga ya san ƙarshen labarin.

Zan tona abin da ya faru a cikinsu, har da wanda ya mutu. Mai saye da kuɗin jama'a ya kamata ya san abin da zai miƙa wa 'ya'yan mutane.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi. Farashin littafin da aka shigo da shi yana bin dala, abin da aka gaya maka a Sabon Gari wannan watan ba lallai ka same shi a wata mai zuwa ba. Lissafin da ya fi amfani shi ne na yawan kwafi. Ƙungiya mai ɗalibai 30, idan mutum uku za su haɗa kai a kan kwafi ɗaya, kwafi 10 ake buƙata. Idan kuwa labarin bai ƙare a littafin farko ba, sai an bi shi har na uku, kwafi 10 ɗin nan sun koma 30. Akwai masu cewa a tura a WhatsApp kowa ya karanta a waya. Ban da batun haƙƙin mai littafi, yara nawa ne ke da wayar kansu, kuma wa zai riƙa biyan kuɗin caji?

Na biyu ƙarko. Kusan duk abin da za ka samu mai bangon takarda ne, an haɗe shafukansa da gam. Zafin bazara da hunturu suna busar da gam ɗin, littafi mai kauri ya tsage daga tsakiya, shafuka su fara zubewa. Siririn littafi ya fi jure wucewa daga hannu zuwa hannu. Akwai kuma ƙarko na daban, wato ko labarin zai jure a sake karanta shi badi da wasu ɗaliban ba tare da malamin da kansa ya gundura ba.

Na uku sauƙi: nauyin Turancin, tsawon babi, da ko za a iya gamawa a zango ɗaya idan sau ɗaya ko biyu ake haɗuwa a mako.

Na huɗu haɗari, shi ma kashi biyu ne. Akwai abin da zai sa uba ya ɗauko keke ya zo makaranta yana tambayar me ake koya wa 'yarsa, domin iyayenmu sun daɗe suna yi wa littattafan soyayya kallon hadarin kaji. Akwai kuma abin da zai taɓa yaro a zuciya. Waɗannan labarai ne na yaran da aka raba da iyayensu ƙarfi da yaji. Ɗalibanmu sun ji labarin Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, masu kwana a makaranta kuwa sun san yadda ake kwanciya ana sauraron motsi. Abin da yake nishaɗi ga yaron Amurka zai iya zama tsohon miki ga namu.

Na biyar shi ne dalilin karatun gaba ɗaya: me littafin ke da shi game da abota, da tsoro, da yafiya, wanda zai sa yara su buɗe baki su yi gardama.

The Giver

Lois Lowry ce ta rubuta shi, ya fito a 1993, ya kuma ci lambar Newbery, lambar yabo ta littattafan yara a Amurka, a 1994. Labarin Jonas ne, yaro mai shiga shekara 12, a wani gari da aka kawar da duk abin da zai iya haddasa saɓani. Babu yunwa, babu yaƙi, babu launi, babu zaɓi. Kwamitin dattawa ne ke ba mutum sana'a, ya haɗa shi da abokiyar zama, ya ba su yara biyu da ba su suka haifa ba. Mutum ɗaya tak, wani tsoho, shi ke ɗauke da tunanin duniyar da ta shuɗe, daɗinta da ɗacinta, aka kuma zaɓi Jonas ya gaje shi.

Ta fuskar kuɗi shi ne mafi sauƙi. Babi 23 ne gajeru, kaurinsa bai kai rabin na sauran ba, kuma duk da cewa marubuciyar ta ƙara littattafai uku daga baya, wannan yana tsayawa da ƙafarsa. Sirantarsa ta sa ya fi daɗewa bai yage ba. Turancinsa ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya bi idan malami yana kusa. Har ma akwai wata sa'a: abu na farko da tsohon ya nuna wa Jonas shi ne dusar ƙanƙara, abin da shi ma bai taɓa gani ba, don haka littafin ya bayyana ta dalla-dalla, yaron Gumel da Jonas suna koyo tare.

Inda ya fi ƙarfi shi ne yafiya, kodayake ta bayan gida ya biyo mata. A garin su Jonas neman gafara doka ce. Abokinsa Asher ya makara zuwa aji, ya miƙe ya faɗi kalmomin da aka tsara, aji duka suka amsa da kalmomin da aka tsara, magana ta ƙare. Kullum haka ake yi, ba wanda ya ji zafi, ba wanda ya ji sanyi. Can gaba Jonas, bayan ya ga yaƙi na gaske a cikin tunanin da aka ba shi, ya tarar da su Asher suna wasan harbe-harbe, ya roƙe su su daina. Asher ya ji haushi, sannan ya nemi afuwa a bisa ƙa'ida, Jonas ya amsa a bisa ƙa'ida, amma mai karatu ya san abotar ta riga ta tsinke. Ɗalibanmu sun san "a yafe ni" da "Allah ya yafe mana baki ɗaya" na ranar sallah, da saƙonnin neman yafiya da ke yawo gab da azumi. Al'ada ce mai kyau, ba wanda zai ce a bari. Amma ka tambaye su ko sun taɓa cewa "na yafe" alhali abin yana nan daram a ƙirji, za ka ga aji ya yi tsit kafin ya ɓarke.

Sai babi na 19. Mahaifin Jonas mai kula da jarirai ne, mutum mai taushin murya. A nan Jonas ya kalli yadda mahaifin ya yi wa ƙaramin cikin wasu tagwaye allura ya kashe shi, yana yi masa 'yar muryar wasa, don dokar gari ba ta yarda da mutum biyu masu kama ɗaya ba. Mutumin bai san mugunta yake yi ba, abin da aka koya masa ke nan. Shin wanda bai san laifi ba ne ana kama shi da laifi? Idan ba a kama shi ba, me za a yafe masa? Yaran da suka yi Islamiyya suna da abin cewa a kan jahilci da uzuri, za ka sha mamakin zurfinsu.

Haɗarinsa ke nan kuma. Wannan babin yana da nauyi, musamman ga yarinyar da aka yi rashin jariri a gidansu. A babi na 5 akwai mafarkin da Jonas ya yi game da ƙawarsa Fiona, farkon balaga, da ƙwayar da ake ba kowa don danne sha'awa. An faɗe shi da kunya, amma yana nan. Ko a Amurka iyaye sun sha neman a cire littafin daga makarantu. Rauninsa na gaske kuwa shi ne tafiyarsa a hankali take. Babu gudu, babu faɗa sai can ƙarshe da Jonas ya tsere da jariri Gabriel a kan keke, kuma ba a faɗi ƙarara ko sun tsira ba. Wasu yaran za su ji an cuce su.

The Hunger Games

Na Suzanne Collins ne, 2008. Ƙasar Panem tana da babban birni da gundumomi 12. Kowace shekara kowace gunduma tana ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili guda su kashe juna ana nunawa a talabijin, sai mutum ɗaya ya rage. Katniss, 'yar shekara 16 daga gundumar masu haƙar kwal, ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta Prim.

A cikin huɗun, wannan ne ya fi kusa da rayuwar yaron ƙauye, ba don kashe-kashen ba, don yunwar. Akwai tsarin da yaro zai karɓo ɗan hatsi da mai na shekara, a madadin haka a ƙara yawan sunansa cikin ƙuri'ar mutuwa. Sunan Katniss ya shiga sau 20, na abokin farautarta Gale sau 42, ɗan mai hali kuwa ba ya buƙatar ƙari. Kamar bashin hatsin da ake ci da damina ne a biya da kaka, sai dai a nan da rai ake biya. Ba sai ka yi dogon bayani ba, yaran da suka ga rumbu ya ƙare kafin gero ya nuna za su gane tun daga babin farko. Haka nan Rue, 'yar shekara 12 daga gundumar manoma, ta ba da labarin cewa su ke noma abincin amma bulala ake yi wa wanda ya ci.

Abotar Katniss da Rue ita ce zuciyar littafin. Sun san ba za su tsira su biyu ba, duk da haka suka raba abinci, suka kwana wuri ɗaya. Da aka kashe Rue a babi na 18, Katniss ta yi mata waƙa, ta lulluɓe gawarta da furanni a gaban kyamara. Mutanen gundumar Rue, matalauta, suka haɗa kuɗi suka aiko mata da burodi. Daga baya Thresh, ɗan gundumar, ya samu damar kashe Katniss ya ƙyale ta saboda abin da ta yi. Littafin cike yake da lissafin bashin alheri, wa ya yi mini, me zan rama da shi, tun daga burodin da Peeta, yaron da aka ɗauka tare da ita daga gundumarsu, ya jefa mata suna yara lokacin da yunwa ta kusa kashe gidansu.

Yafiya kuwa tana nan a wurin da masu kallon fim ba su cika lura ba, tsakanin Katniss da mahaifiyarta. Uban ya mutu a fashewar ramin kwal tana da shekara 11, uwar ta shiga wani hali, ta zauna ba ta magana ba ta motsi, yara suna ramewa a gabanta. Katniss ta ɗauki gida a kanta, ta kuma kasa yafewa. Ranar bankwana har ɗaga wa uwar murya ta yi. A wurinmu wannan babban abu ne, kuma daidai nan gardamar take: ciwo ne ya kama uwar ko sakaci? 'Yar da ta ciyar da gida tana da bakin yin fushi?

Turancinsa bai da wuya, jimlolin gajeru ne, Katniss ce ke ba da labarin da bakinta kamar yanzu abin ke faruwa. Babi 27 ne, kowanne yana ƙarewa a inda dole ka buɗe na gaba, matsalarka za ta zama hana yara wuce inda aka tsaya. Gasar ta ƙare a littafin farko, ana iya tsayawa nan, amma za su dame ka da neman na biyu da na uku, na 2009 da na 2010. A na ukun ne ma tambayar yafiya ta fi ɗaci, inda Prim ta mutu a wani harin bam da ake zaton dabarar Gale ce, abota ta mutu tare da ita.

Haɗarinsa a fili yake: yara suna kashe yara da mashi da wuƙa da dutse. Akwai sumbata a cikin kogo, akwai mai horar da su da kullum a buge yake, ƙarshen kuma ya rataya ne a kan barazanar da Katniss da Peeta suka yi ta cin 'ya'yan itace masu guba tare. Ba zan ba 'yan ƙaramar sakandare shi ba.

The Maze Runner

James Dashner, 2009. Thomas ya farka cikin wani akwatin ƙarfe mai hawa sama, bai tuna komai ba sai sunansa. Ya tarar da samari kusan 50 a wani fili da manyan bangaye suka kewaye. Da rana ƙofofi suna buɗewa zuwa wasu lunguna masu rikitarwa, da dare su rufe, wasu dodanni rabi nama rabi inji su fito. Yaran suna noma, suna kiwo, suna da majalisa da dokoki.

Wannan littafin tsoro ne da abotar maza. Thomas ya kutsa cikin lungunan daidai lokacin da ƙofa ke rufewa don ya taimaki biyu daga cikin samarin, Minho da Alby, alhali an ce ba a taɓa kwana a can an fito da rai ba. Ya yi wa ƙaramin cikinsu, Chuck, alkawarin mayar da shi gida, Chuck kuwa ya tare wuƙar da aka jefo wa Thomas ya mutu. Akwai wurin da aka kori wani yaro, Ben, zuwa cikin lungunan saboda ya kai wa Thomas hari, yana kuka yana roƙo, abokansa suna tura shi da sanda. Ana iya yin zama guda a kan wannan hukunci. Akwai kuma lokacin da Thomas ya gano da hannunsa a gina wurin, ya faɗa, abokansa Newt da Minho ba su juya masa baya ba. Amma marubucin ba ya tsayawa a kan irin waɗannan, sauri yake yi ya kai ka ga dodo na gaba.

Babi 62 ne, gajeru ƙwarai, sun dace da karatu a bayyane na minti goma. Soyayya kusan babu, mace ɗaya ce a cikinsu, don haka ta wannan ɓangaren shi ne ya fi kwanciyar hankali. Matsaloli biyu ne. Yaran suna magana da wasu kalmomi da marubucin ya ƙago, ba su cikin kowane ƙamus, mai raunin Turanci zai ɗauka laifinsa ne. Sannan labarin bai ƙare ba ko kaɗan: shafukan ƙarshe sun nuna cewa ceton da aka yi musu ma wani mataki ne na gwajin. Wanda ya sayi wannan ya ci bashin na biyu da na uku, na 2010 da na 2011. Da zarar an san sirrin kuma, karatu na biyu ba ya da armashi.

Divergent

Veronica Roth ta fitar da shi a 2011 tana da shekara 22. An raba mutanen birnin Shikago gida biyar bisa hali: masu sadaukarwa, jarumai, masu ilimi, masu son zaman lafiya da masu faɗin gaskiya. Duk wanda ya kai 16 zai zaɓi gidan da zai zauna har mutuwa, ko da zai rabu da iyayensa. Tris ta bar gidan iyayenta na masu sadaukarwa ta koma na jarumai, inda mutum 10 kawai za a ɗauka, sauran a watsar da su.

Idan abota da tsoro da yafiya kake nema a dunƙule, babu kamar wannan a cikin huɗun. Tsoro darasi ne a cikinsa: ana yi wa mutum allura, ya tsinci kansa cikin abin da ya fi tsoro kamar gaske, a ƙirga masa su ɗaya bayan ɗaya. Mai horar da su tsoro huɗu ne kawai gare shi, ɗaya daga ciki mahaifinsa ne da bel a hannu. Littafin ya nace cewa jarumi ba ya rasa tsoro, yana dai koyon aiki da shi a jikinsa. Mu da muke cewa tsoro na daji kunya ta gida, za mu ga a nan an shigo da tsoron har tsakar gida.

Sai maganar Al. Abokin Tris ne, ƙato mai sanyin hali, yana kuka da dare, yana ganin za a kore shi yayin da ita take hawa sama. Tsoro ya sa ya haɗa kai da maƙiyanta biyu, suka ɗauke ta cikin dare suka nufi bakin wani rami mai ruwa da ita. Ta tsira. Ya dawo yana hawaye yana neman gafara, ta ce kada ya ƙara kusantarta, ta kira shi matsoraci. Ba a daɗe ba aka tsamo gawarsa daga ramin. Littafin bai ce ta yi daidai ba, bai ce ita ta kashe shi ba, ya bar ta da nauyin. Kafin a rufe kuma ita ma ta harbe wani abokin, Will, wanda aka juya masa hankali da allura yana shirin harbinta. Wadda ta hana yafiya ta koma mai nemanta wurin ƙawarta Christina, sai dai wannan sai a littafi na biyu, na 2012.

Ɗalibanmu suna da labarin da za su ajiye kusa da wannan, wanda suka sani tun suna allo: Annabi Yusuf da 'yan'uwansa da rijiya. Shi ya yafe, amma bayan shekaru, bayan sun amsa laifinsu, lokacin da ba sa iya cutar da shi kuma. Tris an nemi ta yafe ne tabon yana ɗanye, mai laifin kuma a ɗaki ɗaya suke kwana. Shin akwai yafiyar da lokacinta bai yi ba? Ana iya yafe wa mutum a kuma nisance shi? Na fi son wannan zaman a kan duk wani zama da sauran ukun za su iya bayarwa.

Kuɗinsa fa? Shi ne mafi kauri, babi 39, shafi kusan 500 a bugun farko, shi ne kuma zai fara tsagewa. Zango ɗaya zai yi masa kaɗan sai dai yara su tafi da shi gida. Haɗarinsa ya fi na kowa: kisan kai, zanen jiki, bindigogi, soka wa yaro wuƙa a ido, soyayya tsakanin ɗaliba da mai horar da ita, da wani wuri da aka fito da tsoron kusantar namiji a fili. Ga kuma aƙidar garin cewa gidan da ka zaɓa ya fi jininka. Littafin sukar aƙidar yake yi, amma uban da aka karanta wa layi ɗaya ba zai jira bayani ba.

Abin da duka huɗun suka rasa

A cikinsu manya su ne tushen ɓarna, ko su ne azzaluman, ko sun yi shiru. Babu kawu, babu gwaggo, babu liman ko mai unguwa da zai kira yara biyu ya zaunar da su. Addini kusan ba ya nan. Yaro shi kaɗai yake yanke hukuncin ya yafe ko kada ya yafe, abin da ya sa yafiyar take musu wuya haka. Wannan gurbin malami ne zai cike shi, da tambaya ba da wa'azi ba: a garinku wa zai shiga tsakanin Tris da Al? Da shigarsa za ta ceci Al, ko kuwa za a tilasta wa Tris ta haɗiye abin da aka yi mata don a zauna lafiya? Yara mata musamman suna da amsar wannan ta biyun.

| Littafi | Shekara | Babi | Kuɗi | Ƙarko | Turanci | Ya ƙare a na farko? | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| The Giver | 1993 | 23 | mafi sauƙi | mai kyau, yana jure maimaici | mai sauƙi | e | matsakaici |
| The Hunger Games | 2008 | 27 | matsakaici | matsakaici | mai sauƙi | gasar ta ƙare | babba |
| The Maze Runner | 2009 | 62 | sai an sayi uku | karatu ɗaya | ƙagaggun kalmomi | a'a | tsoro, ba soyayya |
| Divergent | 2011 | 39 | mafi tsada | yana saurin tsagewa | matsakaici | rabi da rabi | mafi girma |

Ko wanne ka saya, ka sa a naɗe bangon da leda mai kauri da salatif tun ranar farko, masu kaurin kuma ka kai wa shumeka ya ɗinke su kafin gam ya saki. A ajiye a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Wa ya dace da wanne

Idan wannan ne karon farko, kuɗi kaɗan ne, ajin ya haɗa maza da mata, ko kuma firinsifal yana ɗari-ɗari da abin, The Giver za ka saya. Haka idan makarantar kwana ce, ko akwai yaran da iyayensu suka yi gudun hijira daga inda ake fama da 'yan bindiga, domin shi ne ya fi ƙarancin tashin hankali a cikin huɗun. Ka karanta babi na 5 da na 19 kai kaɗai tukuna, ka shirya yadda za ka bi da su.

Idan matsalarka samari ne da ba su taɓa gama littafi ba, masu zama a bayan aji, The Maze Runner zai kama su, da sharaɗin kana da hanyar samo na biyu da na uku. Kwafi biyu ko uku ma sun isa idan kai za ka riƙa karanta musu a bayyane, babi ɗaya ko biyu a zama.

Idan 'yan babbar sakandare ne masu son gardama a kan talauci da mulki, ko 'yan ƙungiyar muhawara, The Hunger Games ya fi ba su abin cewa, kuma shi ne za su gama da wuri.

Divergent na ƙaramin rukuni ne, 'yan aji biyar ko shida da ka san hankalinsu, zai fi kyau mata zalla tare da malama ko maza zalla tare da malami, bayan an nuna wa firinsifal wuraren da na lissafa. Wanda ya samu kuɗin littafi biyu ya fara da The Giver a zangon farko da kowa da kowa, sannan ya sayi kwafi huɗu ko biyar na Divergent ya ajiye wa waɗanda suka fi yin magana a zaman babi na 19.